Danshi a Tafin Hannun Baba

A gidanmu ba a tambayar ko an yi ruwa, don kowa ya ji saukarsa a kan kwano. Abin da ake tambaya da safe shi ne ko ya shiga. Mai amsa wannan tambaya kuwa mutum ɗaya ne. Da an idar da sallar asuba Baba zai saɓa fartanya ya nufi gonar bayan gida, mu kuma muna biye da shi. Sai ya haƙa rami kamar kamu guda, ya damƙo ƙasar can ciki, ya matse ta a tafin hannu, sannan ya buɗe yatsunsa. Idan dunƙulen ya wargaje nan take, sai ya karkaɗe hannu ya ce, "Ƙura kawai ya kwantar, ku bar iri a buhu." Idan ya tsaya har shatin yatsu ya fito a jikinsa, sai ya ce, "Ku ɗauko iri, yau shuka."

Ƙauyenmu yana cikin ƙaramar hukumar Faskari, a kudancin jihar Katsina, ƙasar masara da dawa da auduga. Inna 'yar Ƙanƙara ce. Ƙanenta, Kawu, noma ya kai shi Sabuwa tun yana saurayi, ya samu fadama ya zauna. Mu biyu ne a gidan muka yi nisa a boko, kuma dukkanmu kimiyyar kwamfuta muka karanta. Yau shekarunmu sun haura talatin, aikinmu rubuta manhaja ne, cinmu da shanmu a kan allon kwamfuta yake. Mun daɗe muna ɗaukar abin da Baba ke yi da hannunsa a matsayin al'adar tsofaffi, irin wadda na'ura za ta maye gurbinta in an kwana biyu. Sai da muka gina na'urar da kanmu, ta ba mu kunya, sannan muka zauna muka koyi abin da hannun nan yake aunawa.

Darasin farko ma a ɗakin Inna yake, ba mu lura ba. Kullum da magariba takan goge gilashin fitila, ta zuba kananzir, ta gyara lagwani. Kananzir yana ƙasa, wuta tana sama, babu mai tura shi, amma yana hawa. A ƙofar ɗakin kuma ga randa, kullum jikinta a jiƙe, ruwanta da sanyi ko a tsakiyar bazara. In damina ta yi nisa, gindin katangar gidan yakan yi duhu har zuwa gwiwa, alhali ruwan sama bai taɓa wurin ba. Idan bakin zanen Inna ya faɗa cikin bahon wanki, kafin ta farga laimar ta haura sama. Duk mun ga waɗannan, kuma duk abu ɗaya ne. An koya mana cewa ruwa gangare yake bi, amma ga shi a cikin gidanmu yana hawa tudu.

Halaye biyu ne na ruwa ke kawo haka. Na farko, ƙwayoyinsa suna riƙe juna. Kowace ƙwaya kamar ɗan ƙaramin maganaɗisu take, gefenta ɗaya yana jan gefen 'yar'uwarta. Shi ya sa ɗigon ruwa kan dunƙule a kan ganyen gwaza yana gangarawa kamar dutsen ado. Na biyu, ruwa yana manne wa wasu abubuwa, kamar yumɓu da zaren auduga da gilashi da itace. Idan ya samu siririyar kafa, sai ƙwayoyin da ke gefe su manne wa bango su ɗan haura, su jawo na bayansu, na bayan su jawo na bayansu. Haka zai yi ta hawa har sai nauyin abin da ya hau ya yi daidai da ƙarfin riƙon da ke sama. Wani likita ɗan Ingila, James Jurin, ya bayyana ƙa'idar a 1718: gwargwadon ƙanƙantar kafa, gwargwadon nisan hawa. A bututun gilashi mai faɗin milimita 2, ruwa zai hau kusan santimita ɗaya da rabi. In aka rage faɗin sau goma, zai hau santimita 15. In aka sake ragewa sau goma, zai hau mita ɗaya da rabi.

Ƙasar gona kuwa ba komai ba ce illa tarin irin waɗannan kafofi, manya da ƙanana, birjik, sun sarƙe da juna. In an yi ruwa, manyan kafofin ba sa iya riƙe shi. Cikin kwana biyu zuwa uku ya tsiyaye ya yi ƙasa, ya bar iska a gurbinsa, wadda saiwa ke numfashi da ita. Matsakaitan kafofi su ne rumbun shuka: suna riƙe ruwa kada ya gudu, amma suna sakinsa in saiwa ta ja. Ƙananan can kuwa, da siririn ruwan da ke lulluɓe da kowace ƙwayar yumɓu, riƙonsu ya fi ƙarfin saiwa. Ruwan yana nan, amma ba na shuka ba ne. Masana ƙasa sun auna inda yawancin amfanin gona ke sallamawa: idan ƙarfin riƙon ya kai ninki 15 na nauyin iskar da ke kanmu, wato kusan ninki bakwai na iskar da ke cikin tayar mota, shuka ta yi yaushin da ba ta farfaɗowa ko da raɓar asuba.

Abin da ke tsakanin waɗannan iyakoki biyu shi ne abin da manomi ke rayuwa a kai. Ruwan sama ba kullum yake zuwa ba. Abin da ke ciyar da masara daga wannan ruwa zuwa wancan shi ne wanda ƙasa ta ɓoye mata. Rairayi zalla bai fi ya ɓoye milimita 25 zuwa 100 a zurfin mita guda ba, ƙasa mai gauraye da laka da ruɓaɓɓen ganye kuwa takan ninka haka. Milimita ɗaya ba ƙaramin abu ba ne: a kan hekta guda, lita 10,000 ke nan, jarka 400 mai cin lita 25. Masarar da ta kai goyo takan sha milimita 5 ko fiye a yini. Duk wanda ya iya lissafin firamare zai ga dalilin da ya sa ɗaukewar ruwa ta kwana goma ke kashe gonar wani, ta bar ta maƙwabcinsa kore shar.

*

Muna da gonaki biyu. Ta bayan gida ƙarama ce. Babbar, wadda ake kira gonar daji, tana yamma da gari, tafiyar kusan sa'a ɗaya a ƙafa, ta ɓangaren da ya kalli iyakar Zamfara. Daga cikinta ake cika rumbu, daga cikinta aka biya mana kuɗin makaranta. Tun kafin duniya ta san sunan Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin, mutanen yankinmu sun riga sun san abin da ake nufi da zuwa gona da fargaba. Ana ɗauke mutum a kan kunya, fartanya a hannu. Amma Baba bai daina zuwa ba. Sau da yawa ma ba aiki ke kai shi ba, dubawa ce: ko ƙasa ta yi laimar da za a sa taki, ko ta isa maimai. Takin zamani a busasshiyar ƙasa asarar kuɗi ne, shi kuma ba ya yarda da labarin wani a kan gonarsa.

Sai muka ce mu ga inda karatunmu zai yi rana. A farkon daminar 2021 muka haɗa na'urori uku. Kowace tana da ɗan tsinken auna danshi da ake sokawa cikin ƙasa, da ɗan allon lantarki, da layin waya, da ƙaramin faifan sola. Duk bayan sa'a shida za ta aiko da lamba, manhajar da muka rubuta ta duba, in akwai matsala ta tura saƙo da Hausa zuwa wayar Baba. Muka kafa ɗaya a bayan gida, ɗaya a gonar daji, ta uku muka kai wa Kawu Sabuwa. Dokar da muka rubuta layi ɗaya ce: idan danshi ya gaza kashi 15 cikin 100, a aika gargaɗi. Niyyarmu ita ce Baba ya zauna gida, waya ta yi masa tafiyar.

Da ya ga muna soka tsinken, ya tsaya yana kallo, hannu a baya. Ya ce, "To, shi wannan abin naku, ya san ƙasar wa yake ciki?" Muka yi dariya muka ce, "Baba, ai ruwa ruwa ne."

Ba a yi wata biyu ba ruwa ya ɗauke mana na kwanaki. Na'urar gonar daji ta fara aiko da gargaɗi, lamba ta sauka zuwa 12. Baba ya kasa zama, ya tafi, abin da muka yi na'urar don hanawa ke nan. Ya dawo ya ce masara lafiyarta lau, ƙasa tana dunƙuluwa. A daidai wannan mako Kawu ya kira daga Sabuwa. Masararsa da ke kan laka a gefen fadama ta naɗe ganye tun hantsi, ƙasa ta fara tsagewa, amma na'urarmu tana nuna 21, ba ta ce uffan ba. Ya ce, "Ku yaran nan, abinku ko dai barci yake, ko ƙarya yake." Ya tayar da injinsa ya ba ta ruwa, bai jira mu ba.

Mun kwana uku muna neman kuskure a cikin rubutun manhajar, layi bayan layi. Babu. Na'urorin ma gaskiya suka faɗa. Kuskuren yana cikin tambayar da muka yi musu. Mun tambaye su yawan ruwan da ke cikin ƙasa, alhali abin da ya dami shuka shi ne yawan wanda ƙasar za ta yarda ta saki. Gonar daji jigawa ce mai ɗan gauraye. Kashi 12 a cikinta akwai sauran abin sha. Lakar Kawu kuwa kashi 21 a cikinta kusan duk a ɗaure yake.

Nan muka tuna farar ƙasar Ƙanƙara, wadda ake haƙowa a garin su Inna ana lodawa a manyan motoci. Muna yara mukan murza ta a yatsa mu ji ta kamar hoda. Ƙwayar yumɓu ba ta kai kashi 2 cikin 1,000 na milimita ba, kuma a shimfiɗe take kamar ɓawon albasa. In da za a baje fuskokin ƙwayoyin da ke cikin giram ɗaya na farar ƙasa, za su iya rufe daɓen ƙaramin ɗaki. Baƙar lakar da ke kumbura da damina ta tsage da rani ta ninka haka sau da yawa. Kowace fuska tana riƙe nata ruwan. Shi ya sa laka ta fi kowace ƙasa tara ruwa, ta kuma fi kowace rowa da shi.

Hannun Baba bai taɓa yin wannan kuskure ba. In ya matse ƙasa, abin da ke haɗa dunƙulen shi ne 'yan gadojin ruwa da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya, kowace tana jan biyu wuri ɗaya. Tafinsa yana jin laushin ƙasar, yana jin ko ta bar masa laima a fata, yana jin ƙarfin da ta buƙata kafin ta haɗu. A matsa ɗaya yana auna irin ƙasar da yawan ruwan da ƙarfin riƙon. Tambayar da ya yi mana ranar da muke soka tsinke ita ce ainihin abin da manhajarmu ta rasa.

*

Da muka fara karatu kuma sai muka kasa tsayawa. Akwai ɗorawa a tsakiyar gonar daji, tsawonta ya kusa mita 20, a inuwarta ake ajiye fura. Ta yaya ruwa ke kaiwa ganyenta na can ƙoli? Mun ɗauka hawan lagwani ne, sai lissafi ya ƙi. Jijiyoyin ruwa da ke cikin itace, duk da sirantarsu, ba za su ɗaga ruwa da kansu fiye da mita ɗaya ko makamancin haka ba. Tsotso irin na inji ma ba zai yi ba. Duk mai noman rani ya san injin ban-ruwa yana gazawa in ruwa ya yi nisan mita 7 ko 8, shi ya sa ake haƙa masa rami a sauke shi kusa da ruwan; ko injin da ya fi kowane kyau ba zai wuce mita 10 da 'yan kai ba. Amma a Kalifoniya ta Amurka akwai itatuwan da suka haura mita 110, kuma ganyensu na sama yana sha.

Amsar da wasu masana biyu na ƙasar Ailan, Henry Dixon da John Joly, suka bayar a 1894 ita ce har yau ake kai. Ba tura ruwan ake yi daga ƙasa ba, jan sa ake yi daga sama. Ganye yana da ƙananan ƙofofi da yake buɗewa don shaƙar iska, ta nan ruwa ke fita ya zama tururi. Fiye da kashi 95 cikin 100 na abin da shuka ta sha ta nan yake tafiya. Inda ruwan ke ƙafewa, a bangon ƙwayoyin ganye, kafofin sun fi na kowace jijiya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, don haka riƙonsu yana da ƙarfin ɗaukar doguwar igiyar ruwa. Ƙwaya ɗaya ta tashi, ta bayanta ta matso, jan ya bi ta reshe, ya bi ta gangar jiki, ya sauka saiwa, ya fita har cikin siririn ruwan da ke jikin ƙwayar ƙasa. Igiya ɗaya ce daga ƙasa zuwa sama, rana ce ke jan ta.

Sharaɗinta ɗaya: kada ta tsinke. Idan ƙasa ta bushe, jan ya yi tsanani, sai iska ta kutsa cikin jijiya, wannan jijiyar ta daina aiki. In suka tsinke da yawa, reshe ya bushe ko da an yi ruwa daga baya. Kawu ya san wannan ta hanyar injinsa. Kafin ya tayar da shi sai ya cika tiyo da ruwa, don in akwai iska a ciki, inji zai yi ta kuka ba ya jawo komai. Da muka yi masa bayanin ɗorawa, sai ya ce, "Wannan ai tsohon zance ne. Da ruwan ciki ake jan na rijiya."

Ba mu samu damar gyara manhajar a wannan damina ba. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin jiha ta kafa dokar matakan tsaro: aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka hana sayar da fetur a jarka. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, namu uku duk suna ciki. Muna zaune a birni muna kallon allo, lambobi uku suka tsaya cak a rana ɗaya. Ba na'urorin ne suka dame mu ba. Muryar Inna ce ba mu ji ba sai in wani ya yi tafiya zuwa inda akwai sabis.

Da kaka ta wuce, labarin Kawu ya iso mana ta bakin direba. Fetur ya yi wuya, inji yana jingine a zaure. Bai yi tumatir ba a wannan shekara. Sai ya koma abin da ya tarar dattawan wurin suna yi: ya bi ƙasan fadama, inda ruwan ƙarƙashi bai yi nisa ba, ya dasa dankali da rogo, ya rufe kunyoyin da kara da ciyawa. A irin wannan wuri ƙasar da kanta lagwani ce, tana ɗago ruwa daga ƙasa zuwa saiwa dare da rana. Rufin karan yana hana rana shanye shi daga sama. Abin da ya ci da iyalinsa har bazara ke nan, ba da digon fetur ba.

*

Shekarar da ta biyo baya aka kore shanun huɗar Baba cikin dare. Bayan nan ya haƙura da gonar daji. Ba shi kaɗai ba. Kusan kowa ya dawo gonakin da ke jikin gari, inda in an ji motsi za a iya rugawa gida. Aka rarraba su, aka yi aro, aka yi haya. A nan ne muka ga wani abin da ba ya shiga labaran rediyo.

Matsakaitan kafofin nan da muka ce su ne rumbun shuka, ba daga sama suke faɗowa ba. Ruɓaɓɓen ganye da kashin dabba da saiwar da ta mutu su ne ke ɗaure ƙwayoyin ƙasa su zama 'yan curi-curi, gara da tana su huda hanyoyi a tsakani. Muna yara, da an kwashe amfani Fulani ke saukowa gonarmu. Shanu su ci kara da harawa, su kwana a mashekari, bayan 'yan kwanaki a matsa gaba, har a zagaye gonar. Baba ya ba su damin dawa, matansu su kawo wa Inna nono. Ba mu taɓa ɗaukar wannan a matsayin aikin ruwa ba, amma shi ne. Yau wannan hulɗa ta mutu. Waɗanda muka sani, wasu an kwashe musu shanun kamar yadda aka kwashe namu, wasu sun yi ƙaura, wanda ya rage kuma tsoro ya shiga tsakaninmu da shi, kowa na zargin kowa.

Gonar bayan gida yanzu ba ta hutawa, ba ta ganin takin gida sai ɗan abin da awaki suka tara. Karan ma ba a bar mata, don shiga daji neman itace ya zama kasada, da shi ake girki. Takin zamani, in an samu kuɗinsa, yana ciyar da shuka amma ba ya gina kafa ko ɗaya. Ɗigon ruwan sama yana dukan ƙasa tsirara, ya farfasa curin, ƙananan ƙwayoyi su toshe saman, in rana ta fito ya zama ɓawo. Ruwa na gaba ya zo ya tarar da ƙofa a rufe, ya kwarara ya bi kwari, ya tafi da abin da ya samu. Ɗan wanda ya shiga kuma, ɓawon nan mai matsattsun kafofi ya zame masa lagwani zuwa sama. Wani gefen gonar ya fara zama fako. Baba yana yawaita sa fartanya yana fasa ɓawon, don ruwa ya samu hanyar shiga, a kuma yanke wa ciyawa nata shan. Amma fartanya ba ta maye gurbin garke. A gonar da a da take jure ɗaukewar ruwa ta mako biyu, yanzu kwana shida masara ta fara naɗe ganye.

Bara, da aka ɗan samu lafawa, Baba ya ce sai ya ga gonar daji. Muka yi ta roƙo, ya ce ko da mu ko ba mu. Muka bi shi da sassafe, mu da wasu mutum huɗu, ba mai magana da ƙarfi. Mun yi zaton za mu tarar da kufai. Sai muka tarar kunyoyin sun ɓace a ƙarƙashin ciyawa, kalgo da sabara sun tsiro har sun fi mu tsawo, ganye ya zuba ya ruɓe shekara bayan shekara. Ɗorawar tana nan. Sandar da muka ɗaure na'urarmu ma tana nan, faifan solar ne babu. Masu bincike a Senegal sun nuna cewa waɗannan itatuwa biyu, kalgo da sabara, sukan jawo ruwa daga can ƙasa da dogayen saiwoyinsu, da dare su saki wani a ƙasar sama, har geron da ke kusa ya amfana. Mu da muke sare su duk shekara a lokacin sharar gona ba mu taɓa sanin suna yi mana wannan aiki ba.

An kwana tara ba a yi ruwa ba a ranar. Baba ya durƙusa a gindin wani kalgo, ya share ganye, ya haƙa da fartanya. Ƙasar ta fito da duhu, da sanyi. Ya matse, ya buɗe hannu. Dunƙulen ya tsaya, shatin yatsu huɗu a jikinsa. Ya daɗe yana kallonsa. Ƙasar da ba mu iya zuwa ta warke, wadda muke kwana a kanta tana mutuwa, kuma abu ɗaya ne ya jawo duka biyun.

Mun sake rubuta manhajar. Yanzu ba ta da lamba ɗaya ga kowa. In an soka tsinke, sai manomi ya danna sau ɗaya kwana biyu bayan ruwa mai ƙarfi, ya sake dannawa ranar da hannunsa ya gaya masa ƙasa ta fara ƙishi. Tsakanin waɗannan biyu take aiki, kuma tana ajiye lissafinta ko babu sabis. Tana da amfani daidai gwargwado. Amma ba ma yaudarar kanmu. Ba za ta ƙara wa gonar bayan gida ko cokali ɗaya na danshi ba. Abin da zai ƙara shi ne kara da ya kwana a gona, da kalgon da aka bari a kan iyaka, da ramin takin da muka sa aka haƙa a bayan ɗakin Inna, da ranar da saniya za ta sake kwana a gonar manomi ba tare da wani ya kwana da bindiga ba. Ukun farko mun fara. Na huɗun ya fi ƙarfin gidanmu.

Ranar nan ba mu daɗe a gonar daji ba. Ɗaya daga cikin mutanen ya ce ya ji ƙarar babur daga yamma, muka juya. Sai a hanya muka lura Baba bai yar da dunƙulen ba. Ya ƙulle shi a bakin rawaninsa. Da muka isa gida ya kwance, ya ajiye a gaban Inna a kan tabarma, har lokacin bai wargaje ba. Ta taɓa shi da yatsa, ta ɗago ta dube shi.

Ya ce, "Kwana tara ba ruwa. Ki ji fa."